Ziyara Zuwa Gidan Tarihi Na Jos

Duk wanda harka ta kai shi birnin Jos, ya kamata ya keɓe yini guda ya leƙa Gidan Tarihi da ke daura da gidan namun daji. An buɗe shi a shekarar 1952, kuma wani Bature ɗan Ingila mai suna Bernard Fagg shi ne ya tsaya tsayin daka har aka gina shi.

Asalin gidan nan yana komawa ga haƙar kuza. A 1928 masu haƙa suka tono wani ɗan kai na yumɓu a ƙauyen Nok, cikin ƙasar Jaba, aka ajiye ba a san darajarsa ba. A 1943 kuma aka sake tono wani kan kusa da Jama'a. Wani ma'aikacin kuza ya ɗauke shi ya kafa a gonarsa ta doya don korar tsuntsaye, ya shekara ana ruwa ana rana a kansa, kafin labari ya kai ga Fagg. Da ya gwada shi da na Nok sai ya ga ai aikin al'umma ɗaya ne. Daga nan sunan Nok ya bi duniya.

Idan mai karatu ya tsaya gaban waɗannan kawuna, abin da zai fara kama shi idanunsu ne, masu kusurwa uku da huda a tsakiya, sai kuma kitso da duwatsun wuya waɗanda aka fitar da su daki-daki. Binciken da masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka fara a 2005 ya nuna waɗansunsu sun kai shekara 2,500 da ɗoriya. Wato tun kafin a kafa Kano ko Katsina da nisa, akwai masu gini da masu narka tama a wannan ƙasa.

A waje kuwa akwai filin gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu. Ginin ƙasa dai, kowa ya sani, sai da yaɓe kowace shekara, in an yi sakaci damina ba ta raga masa.

Abin baƙin ciki shi ne ɓarayi. A watan Janairu na 1987 aka fasa gidan aka kwashe kayayyaki masu daraja, har da wani kan tagulla na Ife. A ƙauyukan kudancin Kaduna kuma an daɗe ana haƙa a ɓoye ana sayar wa dillalai, su kuma su kai Turai. A ganina wannan ta fi fashin muni, domin mai haƙar ɓoye yakan watsar da gawayi da fasassun tukwanen da ke tare da mutum-mutumin, alhali da su ne masana ke gane shekarunsa da yadda masu shi suka rayu.