HAƊA KWAMFUTA MAI ƘARFI A KANO: DAGA INA ZA A FARA?

A da, idan ɗalibi ya tare mu a baranda bayan an kaɗa ƙararrawa, tambayarsa ba ta wuce ta lissafi ko ta jarrabawar WAEC. Yanzu kuwa sai mu ji ana cewa, "Malam, wane katin hoto ne ya fi ƙarfi?" Waɗansu daga cikinku suna tara kuɗi domin su haɗa kwamfutar wasanni, waɗansu kuma sun riga sun matsa wa iyaye. Ba mu ga laifin wannan buri ba, gama kwamfutar da za ta iya ɗaukar manyan wasanni ita ce kuma take ɗaukar zanen gini da aikin tace bidiyo. Amma kuɗin ba kaɗan ba ne, shi ya sa muka ga ya kamata mu yi bayani kafin wani ya yi asara.

Bari mu fara leƙa unguwannin masana'antu na Kano, watau Bompai, wadda ita ce tsohuwa a cikinsu, da Sharada, da kuma Challawa inda kamfanonin jimar fata suke. Duk wanda ya zaga waɗannan wurare zai ga masana'antu da yawa a rufe, musamman masaƙu. Dalilan suna da yawa, har da yadin waje mai araha da ya cika kasuwar Kantin Kwari, amma rashin wuta yana kan gaba. An canja wa NEPA suna zuwa PHCN a 2005, aka miƙa rarraba wutar Kano ga KEDCO a 2013, duk da haka kamfanin da yake aiki a yau da wuya ka same shi ba tare da babban janareta a bayan gida ba. A ƙarshen Oktoban 2024 manyan layukan wuta sun lalace, Kano da sauran jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Saboda haka injiniyan da zai kafa injin yin bokitin roba a Sharada yakan fara da lissafin wutar da injin zai sha da inda za ta fito, sa'an nan ya yi odar injin. Mujallun Turai ba sa koya wannan, domin su wuta ba ta dame su ba. Mu kuwa tilas mu bi hanyar injiniyan nan.

To, mu yi lissafin. Katin hoto shi ne sashen da yake zana abin da ake gani a fuskar kwamfuta, shi ne kuma ya fi kowane sashe tsada da shan wuta. Katin RTX 5090 na kamfanin Nvidia, wanda ya fito a Janairun 2025 a kan dala 1,999, yana shan wat 575 shi kaɗai. Ku ƙara furosesa, watau ƙwaƙwalwar kwamfutar, da fankoki da fuska da sauran tarkace, za ku ga an doshi wat 850. Awa huɗu a rana ya zama yunit 3.4 ke nan. A Afrilun 2024 an kai farashin yunit ɗaya Naira 225 ga masu layin da ake kira Band A. A bisa wannan farashi, wata guda zai ci kusan Naira 23,000, ban da fetur na ranakun da babu wuta. Wa zai biya? Ɗan ƙaramin janaretan nan na masu shago kuwa ba zai ma iya ɗaukar wannan nauyi ba. Wani tsohon ɗalibinmu ya gwada. Janaretan ya yi tari sau biyu, wuta ta yi sama da ƙasa, akwatin wutar kwamfutar ya ƙone, ya tafi da madabod tare.

Ƙanensa RTX 5070, wanda ya fito a kan dala 549, wat 250 yake sha. A ganinmu irin wannan ya fi dacewa da yawancin gidajen Kano. Ban da haka, idan fuskar da kake da ita mai layi 1080 ce, babban kati ba zai nuna maka bambancin da ya kai kuɗinsa ba. Sai mai fuskar 4K ne yake cin moriyarsa.

Akwatin wuta, wanda yake karɓar wutar bango ya rarraba wa sassa, shi ne inda yara suka fi yin rowa, alhali nan ne bai kamata a yi ta ba. A nemi na sanannen kamfani mai alamar 80 Plus Gold, wanda ƙarfinsa ya ɗara bukata da kamar kashi ɗaya cikin huɗu. A gabansa a sa sitabilaiza da UPS. A lura, lambar da ake rubutawa a jikin UPS da manyan baƙaƙe ta VA ce, ba ta wat ba. Mai 1500VA sau da yawa wat 900 ne iyakarsa. A duba ƙaramin rubutu.

Furosesa da madabod kamar ƙwarya da murfinta suke, sai sun dace. Alal misali Ryzen 7 9800X3D na kamfanin AMD, wanda masu wasanni suke yabo, sai a gurbin AM5 yake zama, wannan gurbi kuma ram irin DDR5 kaɗai yake karɓa. Na Intel gurbinsu dabam ne. Ram gigabait 32 ya isa, ma'ajiya kuma a sayi SSD mai terabait 1 ko 2.

Sauran abokan gāba biyu su ne zafi da ƙura. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40, kuma fanka ba ta da wata iskar da za ta hura sai wadda take cikin ɗakin. Idan furosesa ta doshi digiri 90 zuwa 100 takan rage gudu da kanta don kada ta lalace, sai ka biya kuɗin doki ka sami tafiyar jaki. Hunturu kuma ya zo da hazo, ƙura ta toshe kowace kafa. Don haka akwati mai gaban raga da matatar ƙura da ake iya cirewa a wanke ya fi mai gilashi da fitilu masu launi, ko da yake mun san fitilun ne suke jan idon samari. Kada a ajiye shi a ƙasa. A ɗora kan tebur, a riƙa hure shi kowane wata a lokacin hazo, bayan an zare wuta.

Wajen saye, a titin Beirut ko Farm Centre ko a yi oda daga Computer Village ta Ikeja, za a gamu da katunan gwanjo masu araha. Da yawa daga cikin irinsu sun yi aiki dare da rana wajen haƙar kuɗin intanet kafin Ethereum ya daina wannan tsari a Satumban 2022. Ba duka ne suka lalace ba, amma kada a biya sai an kunna katin a gaban mai shago, an ba shi aiki mai nauyi na rabin awa ana kallon zafinsa, an kuma karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikinsa.

Abu ɗaya ya rage wanda ba a sayar da shi cikin kwali. Gidaje da yawa a garin nan soket ɗinsu ba shi da wayar ƙasa, shi ya sa wani lokaci jikin kwamfuta yake jan mutum idan ya taɓa. Kafin a shigo da kaya, a kira mai gyaran wuta ya gwada soket ɗin, idan babu ya kafa sandar tagulla a ƙasa ya haɗa.