Hukuncin Allurar Rigakafin Ciwon Hanta Da Ake Yi Da Yis

Tambaya: Daga Kara nake. Iyalina ta haihu, a asibiti aka ce za a yi wa jaririn allurar ciwon hanta. Sai wani ya ce mini da yis ɗin giya ake yin ta, kuma an jirkita halittarsa. Shin ta halatta?

Amsa: Allah Ya raya, Ya albarkace shi.

Ɗan'uwa, ka fara sanin yadda abin yake, domin hukunci yana bin fahimta. Yis wata ƙwayar halitta ce ƙarama, ita ce ke kumbura burodi da fanke. Masana sukan ɗauko ɗan yankin bayanin gadon halittar ƙwayar cutar hanta nau'in B, su dasa shi cikin yis. Sai yis ɗin ya riƙa ƙera kwatankwacin ɓawon ƙwayar cutar, a tace shi a yi allura. Babu rayayyiyar ƙwayar cuta a ciki. An amince da wannan allura a Amurka a 1986, Najeriya kuma ta sa ta cikin rigakafin yara a 2004. Da yis ake yin wani ɓangare na insulin na masu ciwon suga, wanda a da ake cirowa daga alade da shanu.

Game da giya: yis mai tsarki ne a kansa. Abin da aka haramta shi ne mai sa maye. Dawa ba ta haramta don ana burkutu da ita.

Game da canza halitta da aka zarga a Suratun Nisa'i, aya ta 119: malamai sun fassara shi da abin da ya zama biyayya ga Shaiɗan, kamar tsaga kunnuwan dabbobi don gumaka. Neman magani kuwa Annabi (SAW) ya yi umarni da shi. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka, a zamanta na 1998, ta halatta amfani da wannan ilimi wajen kariya da magani, matuƙar bai jawo cutar da ta fi ba.

Don haka allurar halal ce. Kada ka jinkirta, an fi son a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Jaririn da ya ɗauki cutar daga mahaifiyarsa, kusan tara cikin goma takan zauna musu har girma, kuma tana iya lalata hanta. Ɗanka amana ne a hannunka.

Allah ne mafi sani.