Sabon Inji A Tsohon Jirgi: Kafin Ka Yi Sha'awar Gudu, Leƙa Gindin Jirgin

Duk mai yawo a TikTok ko Facebook ya taɓa cin karo da bidiyon jiragen ruwa masu tsananin gudu na Dubai ko Legas, goshi a sama, kumfa na tashi a baya. A majalisun samari na Gidan Dare da sauran unguwannin Sakkwato, da zarar an kalla sai ka ji wani ya ce, "Ai inji ne kawai, a ɗaura wa jirgin Kwalkwalawa irinsa, shi ma sai ya tashi." To malam, zancen ba haka yake ba. Ƙarfin inji rabin aiki ne. Inda aka ɗora shi da yadda aka ɗaure shi su ne sauran rabin, kuma a nan rayukan fasinja suke.

Mu a nan ba wasan tsere ne ya dame mu ba. Jirgi hanyar kasuwa ce da gona. A watan Afrilun 2022 mutum 29 suka rasu a hatsarin kwale-kwale a ƙaramar hukumar Shagari. A watan Agustan 2025 jirgi ɗauke da mutum sama da 50 ya kife a hanyar kasuwar Goronyo. Abin da hukumomi suka fi ɗora wa laifi a irin waɗannan haɗurra shi ne lodi fiye da kima. Amma akwai lodin da ba a cika ƙirgawa ba, wato injin kansa.

Ɗauki Yamaha Enduro, injin da aka fi gani a ruwayen Afirka ta Yamma. Mai ƙarfin doki 15 nauyinsa kusan kilo 40 ne. Mai doki 40 kuwa ya haura kilo 70. Wato wanda ya cire ƙaramin ya sa babban ya ƙara nauyi mai yawa a can ƙarshen jirgi, ga jarkar fetur, ga matuƙi duk a wuri ɗaya. Gindin jirgi zai lotsa, tazarar da ke tsakanin baki da ruwa ta ragu. Idan aka sassauta gudu farat ɗaya, igiyar ruwan da ke biye sai ta afko ta baya.

Sai katakon da ake maƙala injin a kai. Duk turin da farfela ke yi a kan wannan katako yake ƙarewa. Idan ruwa ya cinye shi ko ya fara ruɓewa, babban inji zai yi ta girgiza shi har ya tsage. Shi ya sa ƙwararru ke cewa kada a dogara da mariƙan hannu biyu da ke zuwa da injin. A huda katakon, a zura ƙusoshi masu noti na ƙarfen da ba ya tsatsa, a sa faffaɗan ƙarfe ta ciki ya raba nauyin, a toshe bakin hujin kada ruwa ya shiga, sannan a ɗaure injin da sarƙa ko igiya.

Na uku shi ne tsayi. Ƙafar inji iri-iri ce: gajera inci 15, doguwa inci 20. A saman farfela akwai wani ɗan faranti a kwance, kuma ƙa'ida ita ce ya yi daidai da ƙasan jirgi ko ya ɗan yi ƙasa kaɗan. Idan injin ya nutse da yawa, zai ja ruwa, ya sha mai, kuma ya riƙa dukan yashi da kututture, abin da gulbin Rima ba ya rasawa in ruwa ya ja baya. Idan ya yi sama da yawa, farfela za ta shaƙi iska, ka ji inji na kururuwa jirgi bai tafiya, musamman a kwana. Mafi muni, ƙofofin da ke zuƙo ruwan sanyaya inji suna iya fitowa waje, inji ya yi zafi ya mutu a tsakiyar gulbi. Wannan siririn ruwan da inji ke fesowa ta baya shi ne shaidar cewa yana samun sanyi.

Haka kuma dole injin ya zauna cif a tsakiya, in ba haka ba jirgi zai riƙa ja gefe guda. Karkatarsa ma da lissafi: in ƙafar ta yi nesa da jirgi, goshi ya ɗaga yana tsalle; in ta matso sosai, goshi ya tsunduma cikin ruwa.

To me ya sa na bidiyo ke tashi? Jikinsu mara nauyi ne, an ƙera ƙasansu don su hau saman ruwa suna sulɓi. Babban jirgin katako kuwa ture ruwa yake yi, kuma yana da iyakar gudun da tsawonsa zai ba shi. Ka ninka ƙarfin inji, gudun ba zai ninku ba, kuɗin mai ne zai ninku. A Amurka tun farkon shekarun 1970 doka ta tilasta a liƙa wa ƙananan jiragen da ba su kai ƙafa 20 ba wani allo mai nuna iyakar mutane, nauyi da ƙarfin injin da za su ɗauka. Jiragenmu na katako ba su zuwa da irin wannan allo, sai idon kafinta da na matuƙi.

Nan ne matasa za su shigo. Wanda ya iya kwance injin babur yana da tushen koyon wannan sana'a, kuma daga Goronyo har Yawuri akwai jiragen da ke jiran mai gyaran da ya san awo. Kai kuma fasinja, kafin ka ɗaga waya ka ɗauki bidiyo, leƙa baya: katakon na motsi? Injin na fesar da ruwa? Gindin jirgi ya kusa shan ruwa tun ba a tashi ba? Akwai rigar ceto? In amsar ba ta kwanta maka ba, ka jira na gaba. Gara ka makara kasuwa.