Yadda Ake Koyon Zanen Fuska da Fentin Mai

Duk mai sana'a daga wurin wani ya koya. Yaron mai ɗinkin riga yakan daɗe yana bin zanen maigidansa kafin ya fid da nasa. Haka masu zanen fuskar mutum da fentin mai suke yi. Sukan ajiye aikin wani gwani a gabansu su kwaikwaye shi, har hannu ya faɗa.

A birnin Faris na ƙasar Faransa akwai babban gidan tarihi mai suna Lufur. Tun da aka buɗe shi a 1793 ake barin masu koyo su zauna gaban zanen gwanaye su kwafa. Amma da sharaɗi. Dole girman kwafin ya bambanta da na asalin, kuma ba a kwaikwayon sa hannun gwanin, don kada a kai shi kasuwa a cuci jama'a.

Ana haɗa wannan fenti da garin launi da man wata shuka wanda yake sandarewa idan ya sha iska. Man gyaɗa ba ya yi, domin ba ya bushewa. Fentin yakan ɗauki kwanaki kafin ya bushe, shi ya sa mai zane yake samun damar gyara da cuɗa launi.

Mai koyo yakan fara da raba hoton gwanin gida-gida da layuka, ya yi irin gidajen a kan nasa ƙyallen. Sai ya fid da siffar fuska da gawayi. Nan ne wurin haƙuri. Idan tazarar ido da ido ta kauce ko da kaɗan, kama ta ɓace, kuma babu launin da zai dawo da ita. Daga nan sai ya shafa ruwan ƙasa shi kaɗai, ya nuna inda haske ya faɗa da inda inuwa take. Launin fata sai daga baya. Shafin farko a tsinke ake yinsa da mai kaɗan, na sama kuma a ƙara masa mai. Wanda ya juya wannan tsari, saman zai riga ƙasan bushewa, fuskar ta tsattsage kamar bangon da rana ta gasa.

Masu koyo da yawa suna son aikin Rambaran, mutumin ƙasar Holan da ya rayu daga 1606 zuwa 1669, saboda haskensa da inuwarsa a fili suke. Shi ma almajiransa aikinsa suka riƙa kwafa a gidansa.

A Nijeriya, Aina Onabolu, wanda aka haifa a Ijebu Ode a 1882, ta kwaikwayon hotunan littattafai da mujallu ya koya wa kansa zane. Har ya yi suna a Legas wajen zanen fuskokin manyan gari kafin ya tafi Landan karatu a 1920.

Kwafi ba abin kunya ba ne, matuƙar ba a ce na gwanin ba ne, ba a kuma ɓoye inda aka samo shi ba. Mai koyo yakan rubuta sunan gwanin a bayan ƙyallen. Bayan kwafi kaɗan, sai ya zaunar da wani ɗan'uwansa kusa da taga, inda haske ke shigowa ta gefe ɗaya, ya gwada zana shi.