Mai Ba da Kati, Ƙofar Farko ta Asibiti

Kafin likita ya tambaye ka inda ke maka ciwo, sai ka fara tsayawa gaban wata 'yar taga. Bayanta akwai mutum da biro da ƙatuwar rajista, kantoci a gefensa maƙare da fayil-fayil har rufi. Shi ne ma'aikacin ɗakin kati.

Kayan aikinsa na farko abin da ya fito daga bakin majiyyaci ne: suna, shekaru, unguwa, lambar waya, da wanda za a nema idan ta ɓaci. A ido kamar ba wuya. To amma a gari irin Kano, Aisha Muhammad nawa za su shigo asibiti ɗaya cikin mako guda? Shi ya sa kowa sai an yanka masa lambarsa, ita ce sunansa a ɗakin nan har abada. Shekaru ma wani aiki ne. "Baba, shekarunka nawa?" Tsoho ya ce shi dai yana ɗan saurayi aka fara yaƙin basasa. Sai ma'aikacin ya kama daga 1967, ya yi lissafinsa a zuci, ya rubuta.

Daga nan abu biyu ke fita: ɗan ƙaramin kati da za ka tafi da shi gida, da fayil ɗin da zai zauna a asibiti. Fayil yakan yi yawo, daga ofishin likita zuwa ɗakin kwanciya, a cusa masa sakamakon gwajin jini da takardar hoto, sannan ya dawo mazauninsa. Nan gwanintar take. Fayil ɗin da aka saƙala a layin da ba nasa ba, da shi da ɓatacce duk ɗaya ne. Mai hawan jini ko ciwon suga da ya yi shekara biyar yana zuwa, tarihinsa kaf yana ciki, har da maganin da jikinsa ya taɓa ƙi. In ya ɓata, likita zai koma lalube. A ganina, kaɗan ne a asibiti ke riƙe da amanar da ta kai wannan nauyi.

Ba da ka ake shiga aikin ba. Ana yin difloma a kwalejojin kimiyyar lafiya, kuma tun 1989 akwai hukumar da ke yi wa ma'aikatan adana bayanan lafiya rajista a Najeriya. A kwalejojin ake koyon bai wa kowace cuta lambarta bisa tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya, da haɗa ƙididdigar ƙarshen wata da ake aika wa ma'aikatar lafiya.

A ƙaramin asibitin kuɗi kuwa, mutum ɗaya ne komai. Shi ke karɓar kuɗin kati, ya yanka rasit, ya ɗaga waya, ya tsara ranar awon ciki, ya bi kamfanin inshora neman izini kafin a taɓa majiyyaci. Inda aka koma kwamfuta an huta da ƙura, sai dai ranar da wuta ta ɗauke ko sabis ya tsaya, biro ake komawa. Ta fuskar albashi, ma'aikacin asibitin gwamnati yana kan tsarin albashin ma'aikatan lafiya, da fansho a gaba. Na asibitin kuɗi abin da suka daidaita da mai asibiti yake karɓa, wani ma bai kai mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka tsayar a 2024 ba.

Layi in ya yi tsawo, mai ba da kati ake zagi, alhali ba shi ya tsayar da likita ba. Yakan kuma ga sunan maƙwabcinsa a fayil, ya san abin da ke damunsa, su haɗu a masallaci bai nuna ko a fuska ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana fallasa sirrin majiyyaci, amma tsoron Allah ne ke fara kama bakinsa.

Don haka in za ka asibiti, ka riƙo ɗan katin nan, ka faɗi sunanka yadda ka faɗa ran farko, ka kuma yi wa na bayan taga sallama kafin ka miƙa masa.