Sakkwato zuwa Abuja a jirgin sama: awa ɗaya ce da gaske?

Wata baiwar Allah ta turo muna tambaya. Za ta kai mahaifiyarta ganin likita Abuja, an ba su ƙarfe sha biyu na rana, kuma an ce mata tafiyar jirgi awa ɗaya ce. Shin su tashi ranar da safe?

To Hajiya, bari mu yi lissafin tare.

Daga filin jirgin Sultan Abubakar III zuwa na Nnamdi Azikiwe, in an miƙe ta sama, kusan kilomita 490 ne. Ta mota kuwa, in kin bi Gusau, Funtuwa, Zariya da Kaduna, ya haura 600. Jirgin fasinja in ya daidaita a sama yana gudun wajen kilomita 800 a awa. In anka raba, minti arba'in ma bai cika ba. Amma ai ba da wannan gudun yake tashi ba. Sai ya gangara kan titinsa, ya hau sama sannu a hankali, kuma tun da nisa zai fara rage gudu don sauka. Shi ya sa a tikiti za ki ga awa ɗaya ko da 'yan mintoci.

Wanda ya faɗa miki bai yi ƙarya ba, sai dai lissafin sama kawai ya yi. Daga Runjin Sambo sai kin ratsa gari kin fita kudu, ki ware rabin awa. Ana son ki isa aƙalla awa ɗaya kafin tashi, don awon kaya da bincike, balle da tsohuwa a hannu. In kun sauka, ga jiran jaka, sannan filin jirgin Abuja na da nisan kusan kilomita 40 daga tsakiyar birni. Awa huɗu kenan, in komi ya tafi daidai.

Kuma fa ba kullum yake tafiya daidai ba. Jirgin da zai ɗauke ku galibi daga wani gari yake zuwa, in ya makara can kun makara nan. Ga hazo lokacin hunturu, musamman Disamba da Janairu. In matuƙi bai hango titi da kyau, ba ya sauka. Ni kaina na taɓa zama tun hantsi har la'asar, daga baya anka ce mu dawo gobe. Taron da za ni, sai a waya na ji yadda ya ƙare.

Don haka Hajiya, ni dai in ni ce, ranar jajibiri zan tafi, mu kwana can. Kuɗin masauki na dare ɗaya ya fi sauƙi bisa a ce an ɗaga ganin likita sai wani watan. Allah ya ba Inna lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.