BAYANI DALLA-DALLA: Yadda soket ɗin tarho mara waya ke aiki da tarhon intanet, da abin da ke faruwa idan aka ɗauke wuta

A watan Disamba na 2024, kamfanin sadarwa na AT&T ya shaida wa masu zuba jari cewa yana shirin rufe mafi yawan tsofaffin layukansa na jan ƙarfe a Amurka kafin ƙarshen 2029. A Birtaniya, kamfanin BT ya tsayar da Janairun 2027 a matsayin lokacin da zai kashe tsohon tsarin tarhon girke. A Faransa kuwa, Orange ya ɗibar wa kansa wa'adin 2030. Gidajen da har yanzu ke riƙe da tarhon girke a waɗannan ƙasashe ana mayar da su kan tarhon intanet, ko sun nema ko ba su nema ba.

Sauyin ya zo da wata matsala ta cikin gida. Sabon layin a wuri ɗaya kawai yake fitowa, wato inda aka ajiye akwatin intanet, alhali mai gida na iya buƙatar tarho a ɗakin kwana ko a bene. Ɗaya daga cikin na'urorin da ake sayarwa domin wannan buƙata ita ce soket ɗin tarho mara waya. Na'urar tana aiki, amma da sharuɗɗa, kuma akwai wata barazana ga rayuwa da ba ta iya magancewa.

Mene ne soket ɗin tarho mara waya?

Sunan yana ɗan ruɗarwa. Yawancin waɗannan na'urori ba ta iska suke aika murya ba. Wayoyin lantarkin da ke binne cikin bangon gida suke hawa. Abin da ake nufi da rashin waya shi ne ba sai an ja sabuwar wayar tarho daga ɗaki zuwa ɗaki ba.

Akwati biyu ne ƙanana. Na farko shi ne uwa. Ana soka shi a soket ɗin wuta, sannan a haɗa shi da layin tarho. Na biyu shi ne reshe. Ana soka shi a soket ɗin wuta na ɗakin da ake son tarhon, a haɗa kan tarhon a jikinsa. Uwar tana mayar da murya zuwa siginar rediyo ta 'yan megahaz, ta ɗora ta a kan wayar lantarki, reshen kuma ya sauke ta, ya mayar da ita murya. Reshen ne kuma ke samar da wutar da ke sa tarhon ƙara idan kira ya shigo.

Kasuwar na'urar ta buɗe a Amurka tun shekarun 1990, lokacin da dikodar tauraron ɗan'adam ta kamfanoni irin su DirecTV ke buƙatar layin tarho domin aika bayanin finafinan da mai gida ya saya, kuma sau da yawa babu kafar tarho kusa da talabijin. Kamfanin Phonex na cikin waɗanda suka yi suna wajen ƙera ta, an kuma sayar da irinta da tambarin RCA da GE.

Yaya tarhon intanet yake, kuma ina suka haɗu?

A tsohon tsari, wayoyi biyu na jan ƙarfe ne ke tasowa daga ofishin kamfani har cikin gida. A sabon tsari, ana daddatsa murya zuwa ƙananan ƙunshin bayanai a aika ta intanet, kamar yadda ake yi a kiran WhatsApp. Bambancin shi ne mai gida yana da lambar tarho ta sosai, yana kuma amfani da kan tarhonsa na da. Abin da ke haɗa tsohon kan tarho da intanet wata 'yar adafta ce, wadda a wasu gidajen take zaman kanta, a wasu kuma tana cikin akwatin intanet ɗin. Vonage ya fara sayar wa gidaje irin wannan layi a 2002, magicJack da Ooma suka fito da nasu na'urorin a 2007. Kira ɗaya ba ya cin fiye da kimanin kilobit 100 a daƙiƙa, don haka ba saurin intanet ne abin damuwa ba, daidaituwarsa ce.

Kafar da ke bayan adaftar tana kwaikwayon tsohon layi ne: tana ba da sautin buɗewar layi, tana ba da wutar ƙara. Uwar soket mara waya ba ta bambance wannan da layin kamfani. Saboda haka haɗin ba shi da wuya. A ɗauki gajeriyar wayar tarho daga kafar adafta zuwa uwar, a soka uwar a bango, a soka reshen a ɗaya ɗakin, a ɗaga tarho a saurari sautin layi.

A ina ake samun matsala?

Ta farko ita ce inda aka soka na'urar. Dole ne uwar da reshen su shiga soket ɗin bango kai tsaye. Doguwar soket mai kariya daga hauhawar wuta da akwatin batir na kwamfuta an yi su ne domin tace duk wata hayaniya da ke kan wayar lantarki, kuma a wurinsu siginar muryar hayaniya ce. Akasarin masu ƙorafin cewa na'urar ta ƙi aiki a nan suke tuntuɓe, domin kusa da akwatin intanet ne soket ɗin bango ya fi ƙaranci.

Ta biyu ita ce yadda aka raba wutar gidan. Gidajen Amurka suna karɓar wuta ta layi biyu, kowanne mai ƙarfin bolt 120. Idan uwar tana kan ɗaya, reshen yana kan ɗayan, siginar na iya raunana ko ta ɓace. Maganin shi ne a gwada wani soket a ɗakin.

Ta uku ita ce hayaniyar sauran kayan wuta. Cajar waya mai arha, makunnin rage hasken fitila, injin firji da wasu ƙwayayen fitila duk suna zuba tarkace a kan layin da muryar ke bi, sai a ji tarho yana shuu. Na'urorin da ke raba intanet ta wayar lantarki su ma a kan wannan hanya suke, kuma suna iya danne siginar tarhon.

Akwai kuma ayyukan da ba murya ba. Ba kowane samfuri ne ke nuna lambar mai kira ba. Faks da ƙararrawar ɓarayi da abin kiran agaji da tsofaffi ke ratayawa a wuya an ƙera su ne domin tsohon layi. Tarhon intanet shi kaɗai yana wahalar da su, balle an ƙara masa wani tsallake ta wayar lantarki. Rage gudun faks zuwa 9600 kan taimaka, amma duk na'urar da rai ya dogara a kanta sai an gwada ta tare da kamfanin da ke sa ido a kanta.

Ta fuskar sirri, siginar ba ta san iyakar gida ba. Maƙwabtan da ke kan taransifoma ɗaya, musamman a gidajen haya na bene, wayoyinsu a haɗe suke. Shi ya sa wasu samfuran ke da lambar tsaro da ake saitawa tsakanin uwa da reshe. Haka kuma a ƙarshen shekarun 1990 masu rediyon sa-kai a Amurka sun yi ta kokawa kan wani samfurin Phonex da ke aiki a kan megahaz 3.53, a cikin zangon da doka ta ware musu.

Babbar matsalar: wuta

Tsohon layin jan ƙarfe da wutarsa yake zuwa. Ofishin kamfani yana turo kimanin bolt 48 ta cikin wayar, yana kuma da manyan batura da janareto. Ko gari duka ya yi duhu, tarho mai igiya yana aiki. Nauyin tabbatar da haka yana wuyan kamfani.

A sabon tsari kowace gaɓa tana jiran wutar gidan: akwatin faiba ko modem, rauta, adafta, sannan uwa da reshe. Ana iya sa wa ukun farko batir. Soket mara waya kuwa ba ya karɓar wannan magani, domin idan an soka shi a akwatin batir siginarsa ba ta fita, idan kuma yana bango to ya mutu tare da wutar. Wato tarhon da aka kai ɗakin dattijuwa domin ta nemi taimako cikin dare shi ne na farko da zai yi shiru, ko da an yi wa sauran tanadi.

An riga an ga illar dogaro da wutar gida a aikace. A Nuwamban 2021 guguwar Arwen ta bar wasu gidaje a Birtaniya fiye da mako ɗaya babu wuta, kuma waɗanda aka mayar kan sabon layi suka rasa hanyar kira, musamman a ƙauyukan da sabis ɗin salula ba ya kaiwa. A Maris na 2022 BT ya dakatar da aikin na wani lokaci. A Disamban 2023, bayan na'urorin kiran agaji sun gaza a gidajen wasu masu rauni, gwamnati ta sa kamfanonin suka rattaba hannu kan alkawarin daina sauya wa irin waɗannan mutane layi ba tare da tabbatar da na'urorinsu na aiki ba. Daga baya aka ɗage wa'adin daga ƙarshen 2025 zuwa Janairun 2027.

Me hukumomi suka yi?

Hukumar Ofcom ta Birtaniya ta wajabta wa kamfanoni samar da hanyar kiran gaggawa ta aƙalla awa ɗaya bayan ɗaukewar wuta, kyauta ga waɗanda suka dogara da tarhon girke. A Amurka, hukumar FCC ta umarci kamfanoni a 2015 su tallata wa abokan cinikinsu batir na awa takwas, aka ƙara zaɓin awa 24 a 2019, sai dai mai gida ne aka bar wa biyan kuɗin.

Kiran gaggawar kansa sai da aka yi shari'a a kansa. Tsohon layi yana da adireshi tabbatacce, adafta kuwa ana iya sa ta a jaka a kai ta wani gari. A farkon 2005 'yan fashi suka harbi wasu ma'aurata a gidansu a Houston, 'yarsu ta buga 911 ta layin Vonage ba ta samu jami'an agaji ba. Babban lauyan jihar Texas na lokacin, Greg Abbott, ya maka kamfanin a kotu, kuma a shekarar FCC ta wajabta wa masu tarhon intanet haɗa kira da cibiyoyin 911. Duk da haka, mai layi ne ke da alhakin sabunta adireshinsa idan ya tashi.

Kamfanonin suna da hujjarsu. AT&T ya ce kula da layukan jan ƙarfe na cinye masa kusan dala biliyan 6 a shekara, ga ƙarancin masu amfani da su. Amma a Yunin 2024 hukumar kula da kamfanonin ayyukan jama'a ta jihar Kalifoniya ta yi watsi da buƙatarsa ta a sauke masa nauyin ba kowa layi a yankunansa, bayan mazauna karkara da yankunan gobarar daji sun yi ca a kan batun.

Akwai wata hanyar?

Akwai biyu. Ta farko ita ce tarho mara igiya na tsarin DECT, mai gindi ɗaya da kawuna da dama. Gindin yana haɗe da adafta, yana kuma magana da kawunan ta iska, saboda haka ana iya sa shi a akwatin batir tare da rauta, kawunan kuma da batirinsu. Ga mai son murya kawai, wannan ya fi soket mara waya tsabtar sauti da juriya. Ta biyu ita ce amfani da tsofaffin wayoyin tarho na cikin gida: a soka adafta a kafa ɗaya, sauran kafofin su farfaɗo. Sharaɗin shi ne a fara cire layin kamfani daga akwatinsa na wajen gida, domin ragowar wutar da ke kansa na iya ƙona adaftar. Soket mara waya ya fi dacewa ne da na'urar da dole sai ta sami kafar tarho, a ɗakin da babu ita.

Ina ya shafi Najeriya?

Najeriya ba ta da jan ƙarfen da za ta yi bankwana da shi. Lokacin da aka ba da lasisin GSM a 2001, layukan NITEL ba su kai rabin miliyan ba, sai ƙasar ta tsallake kai tsaye zuwa salula. Sai dai yanzu ana kai faiba gidaje da ofisoshi a Legas da Abuja da wasu birane, kuma akwatunanta da dama suna da kafar tarho.

Mai niyyar sayen wannan na'ura a kayan gwanjo ya lura cewa wadda aka ƙera domin Amurka bolt 120 take ɗauka, wutar Najeriya kuwa 230 ce, sokawa ɗaya ta isa ta ƙona ta. Taransifomar rage wuta kuma na iya toshe siginar. A gidan da inbata ke ciyar da wasu ɗakuna kawai, ko ake sauya layi tsakanin wutar kamfani da janareto, uwa da reshe na iya faɗawa ɓangarori biyu da ba sa jin juna.

Tambayar da Landan da Kalifoniya ke jayayya a kanta ta fi nauyi a ƙasar da ɗauke wuta ya zama ruwan dare. Idan kamfani ya sayar da layin gida, wa ke da alhakin ganin ya kai ga lambar gaggawa ta 112 a lokacin da babu wuta, kuma na awa nawa? Wannan tambaya ce da ta kamata a miƙa wa hukumar NCC da masu sayar da faiba tun kafin layukan su yawaita. Kafin a sami amsa, duk wanda ya haɗa irin wannan tarho ya kashe wutar gidansa daga babban makunni, ya ɗaga tarhon kowane ɗaki ya saurara. Wanda ya yi shiru, kada a bar mara lafiya ko tsoho ya dogara da shi.